Jakar Kano ba jikkar Damagaram ba ce

Yaya, salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? A gaida Inna, a ce mata jiki lafiya lau. A gaida ƴan fada baki ɗaya.

Ka ce in rubuto maka yadda kaya da hidima suke a Kano, don ka san ko za ka fara saro kayan butikinka daga nan ko ka ci gaba da saye a kasuwar Dole. Ba kai kaɗai ke yi mini wannan tambaya ba, shi ya sa na ajiye amsar a fili, duk mai niyyar zuwa ya karanta.

Wanda ya tafi Tamanrasset ko Sabha ya san ya je inda ba ya jin magana, saboda haka kafin ya miƙa kuɗi sai ya nemi tafinta. Ɗan Damagaram a Kano ba ya neman kowa. Tafiyar kilomita wajen 240 ce, ka bi ta Takeita da Matamai, ka ƙetare a Ɗan Barto, ka wuce Daura da Kazaure, duk hanya Hausa ake yi maka. Gaisuwa ɗaya, salla ɗaya, sunan hatsi ɗaya. Amma kalmomin kuɗi da na awo da na ofis da na mota ba ta ƙofa ɗaya suka shigo mana ba. Namu ta hannun Faransa suka zo, nasu ta hannun Ingila, sannan yaran kasuwa na kowane ɓangare suka ɗora nasu salon a kai. Sai ka ji kalmar da ka sani tun kana yaro, ka gyaɗa kai, ashe ba ita ake nufi ba. Ta nan kuɗin baƙo ke zubewa.

Bari in fara da kuɗin kansa. A gida dala sefa 5 ce, kowa ya sani: dala ashirin 100, dala ɗari 500. A Kano in ka ce dala, ɗaya daga abu biyu za a ɗauka, ko kuɗin Amurka ko dutsen Dala da ke cikin birni. Dutsen ba shi da alaƙa da kuɗi, sunan mutum ne da tarihin Kano ya ce ya zauna a kansa tun kafin a gina ganuwa. Amma dalarmu da dalar Amurka ƴan gida ɗaya ne. A farkon shekarun 1500 an riƙa buga azurfa a wani kwari na ƙasar Bohemiya, ana ce wa kuɗin tala, daga nan sunan ya bazu. Reshe ɗaya ya tafi Amurka ya zama dala. Ɗayan shi ne azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza, wadda ake buga mata shekarar 1780 ko yaushe aka ƙera ta, ta biyo ayarin Tarabulus ta shigo Damagaram da Kano tun zamanin wuri. Da Faransawa suka kawo azurfarsu ta tamma 5 mai kusan girmanta, sai kakanninmu suka ɗora mata tsohon sunan. Azurfar ta ɓace, sunan ya zauna a kan ƙwandalar da yau ko alawa da kyar take saye. Saboda haka in kana ciniki a Fagge ka ce kaya ya yi maka dala ɗari, kai kana nufin sefa 500, mai kanti kuwa ya ji ka yi masa tayin sama da naira 100,000.

Jaka ta fi wannan haɗari, domin duka ɓangarorin suna amfani da ita a ciniki kullum. Jikkarmu sefa 1,000 ce, wato dala 200. Jakar Kano naira 200 ce. Asalinsu ɗaya, jakar da ake ƙulle tsabar kuɗi a ciki. Zamanin Ingila jaka fam 100 ce ta sulalla, da aka kawo naira ranar 1 ga Janairun 1973 aka ce fam ɗaya naira 2, sai jaka ta zama naira 200, ta tsaya a nan har yau. Ka ga duka biyun ɗari biyu ake ƙirgawa, abin da ake ƙirgawar ne ya bambanta. A 2024 jikkarmu ɗaya ta haura naira 2,000 a hannun ƴan canji, wato ta ninka jakar Kano fiye da sau goma. In ɗan dako ya ce maka jaka biyar, naira 1,000 yake nema, kada ka zaro masa takardar sefa 5,000 kana murna ka samu mai sauƙin kai. Tsofaffin ƴan kasuwar hatsi da na dabbobi har yanzu wasu da fam suke lissafi, fam ɗari biyar naira 1,000 ke nan. In kuwa a banki aka ce ka cike fam, takarda ce, wata kalmar Ingilishi ce daban da bakin Bahaushe ya haɗe su. Sule, sisi, taro da anini duk sun mutu a aljihu, suna raye a baki: “ba ni da ko sisi”, “bai ba ni ko anini ba”. Haka mu ma muke cewa ko tamma.

A kan kuɗi, gida ya fi kwanciyar hankali, wannan ba gardama. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, tun karyewar Janairun 1994 ba a sake rage mata daraja ba. Naira kuwa kafin Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta wuce 1,500. Ma'anarsa gare ka ita ce farashin da na faɗa maka yau ba alkawari ba ne, shi ya sa ban cika maka wasiƙar nan da lambobi ba. Canji a Wapa ake yi, cikin Fagge. Ka tambayi mutum uku kafin ka saki sefarka, kuma ka ƙirga a gabansu, ba wanda zai ji haushi.

Wajen biyan kuɗi kuwa sun yi mana nisa. A gida in za ka aika wa Inna kuɗi sai ka je Nita ko Al Izza ko Amana, ka ba da suna da lamba, ita ma a je a karɓo. Tsari ne mai kyau, yana kai kuɗi har ƙauyen da babu banki. A nan mai shayi ma yana da lambar asusu a manne jikin teburinsa. Ka sha, ka tura ta waya, ya ji alat, ka tashi. Alat shi ne saƙon da ke shigowa waya cewa kuɗi sun iso, ba shi da haɗi da kayan alatu, wanda Larabci ne. Abin ya kankama ne a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, da tsabar kuɗi ta yi wuya har mutane suka kwana a layin banki. Masu POS kuma suna kowace kusurwa da lema da ɗan akwatinsu, ka cire ko ka tura, su ɗauki ladansu. Illarsa biyu ce. Buɗe asusu yana son lambar shaidar ƙasa, wanda baƙo ba kullum yake da ita ba. Sannan akwai alat na ƙarya, mutum ya nuna maka saƙo a wayarsa ya kwashi kaya ya tafi. Ƴan kasuwa sun koyi darasi, ba sa duban wayar mai saye, tasu suke dubawa.

Tunda na ambaci lada, ka rarrabe uku. Lada na Allah ne, ko ɗan abin da ka ba wanda ya yi maka aiki. La'ada ta dillali ce, daga Larabci, abin da aka saba bayarwa, kuma a Kano dillali ba ya jin kunyar nemanta daga mai saye da mai sayarwa duka. Leda kuwa ita ce ake zuba maka kaya a ciki, daga kalmar Ingilishi ta fata, ko da yake ba fata a jikinta. Wanda ya tare ka a bakin kasuwa ya ce zai raka ka “don lada”, ka tambaye shi wanne daga ciki tun kafin ku taka.

Yanzu tufafi, inda na san hankalinka ya fi karkata. Kantin Kwari ba ta da na biyu a duk yankin nan, Dole gaba ɗayanta ba ta kai ƴan layukanta ba, kuma rabin atamfar da kake gani a Damagaram daga nan ta fito. Sai dai ƴan kasuwar da kansu suna da wasa, su ce Kwari daban, ƙwari daban. Za ka ga zane ɗaya a hawa uku ko huɗu. Akwai Holan ta gaske, ta kamfanin Vlisco da ke Helmond, akwai Kodebuwa ta Abijan, akwai ta Sin mai ɗauke da zanen Holan har da hatimi. Masaƙun Kano da na Kaduna da suka yi tashe a shekarun 1980 yawancinsu sun rufe, abin da ya cika shagunan daga Sin yake zuwa. Abin da muke ce wa bazan su shadda suke cewa, babbarta kuma Gezna, wato Getzner, masaƙa ce a garin Bludenz na Ostiriya, ƙasar da azurfar dala ta fito. Ita ma akwai mai kama da ita da sai ta sha wanki biyu asirinta ke tonuwa.

Amma abin da ya fi cin baƙo a Kwari awo ne. Mu da metir muka saba, su da yadi. Yadi bai kai metir ba, santimita 91 ne da ɗan ɗori. Yadi goma metir tara ne da kaɗan. In telanka na Zango ya ce babbar riga da ƴar ciki da wando suna son metir goma, ka zo nan ka ce “a ba ni goma”, za a yanka maka yadi goma da gaskiya da amana, ka koma gida wando ya rasa ƙafa. Ba wanda ya cuce ka. Atamfa ba ta da wannan matsala, turmi yadi shida ne ko'ina. A hatsi kuma haka: tiyarmu da kwanonsu da mudunsu ba lallai su zo ɗaya ba, har tsakanin babbar kasuwar hatsi ta Dawanau da kasuwar unguwa akwai bambanci. Ka ce a nuna maka ma'aunin, ka riƙe shi da hannunka, ka duba gindinsa ko an buga shi ciki. Nama da sukari da shinkafa da muke saye a kilo, a nan sau da yawa kashi ne ko gwangwani. Ni a wannan na fi son na gida, sikeli ba ya sanin baƙo.

Kayan hannu, waɗanda muke ce wa okaziyo, a nan kowanne da sunan inda ya biyo. Mota ƴar Kwatano ce, domin ta tashar jirgin ruwan Kwatano ake sauke ta. Kayan gyaranta na hannu Beljiyam ne, ko da daga Jamus aka kwance su. Waya kuma ƴar Landan. Mutanen kudu tokumbo suke cewa, Yarbanci ne, abin da ya zo daga ƙetaren teku. Duk waɗannan ba zagi ba ne, sau da yawa Beljiyam ya fi sabo na kwali daɗewa, kuma makanikan Ƙofar Ruwa za su gaya maka haka. Zagin shi ne jabu. Masu bin asalin kalmomi suna kai ta ga sunan Ijebu a ƙasar Yarbawa, daga zamanin sulalla da ake zargin ana buga na ƙarya a can. Kalma ce da ta ɗora wa gari guda laifin wasu ƴan tsiraru, amma ta riga ta zauna, yau ko magani ko takarda ko waya duk ana ce musu jabu ba tare da an tuna da garin ba. Kada ka haɗa ta da japa, wadda za ka ji a bakin ƴan makaranta. Ita ma Yarbanci ce, a tsinke a gudu, kuma ana nufin barin ƙasa zuwa Ingila ko Kanada neman aiki. Ƙawarta sapa, wato talaucin da ya kama mutum kafin ƙarshen wata. Yaro zai ce maka sapa ce ta sa yake son japa. Jaɓa dai tana nan a matsayinta, mai wari a bayan randa.

Waya da kayanta ka saya a nan, Farm Centre ko titin Beirut, sun fi gida araha da yawa, kuma gyaran da za a ce maka a Damagaram sai an aika, a nan yaro zai yi maka shi kana tsaye. Roba da bokiti da takalma Ƙofar Wambai. Kayan masarufi na kwali Singa, wadda ta samo suna daga kamfanin keken ɗinki, kamar yadda Bata ta samo daga kamfanin takalmi.

Wuta da ruwa. A gida muna cewa kuran ya tafi, kuran ya dawo, daga Faransanci. A nan in ka ce kana jiran kuran sai a zaci mai kura kake jira, wato amalanken da ƴan garuwa ke turawa da jarkoki. Wutar lantarki nepa suke ce mata, sunan hukumar da aka kafa a 1972. An canza mata suna a 2005, an sayar da rassanta a 2013, amma har yau in wuta ta zo da dare unguwa guda za ta ɗauki ihun “nepa!”, har yaran da aka haifa bayan mutuwar hukumar. Abin mamakin shi ne wutar da muke sha a Damagaram da Maraɗi daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan ake saye, kuma kai ka fi ni sanin abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agustan shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa ɗage takunkumi a farkon 2024. Duk da haka, a kwanakin lafiya, mai shago a Sabon Garinmu ya fi na unguwannin Kano da yawa ganin wuta. An raba masu amfani aji-aji, a Afrilun 2024 kuma ajin farko da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana aka ninka musu kuɗi fiye da sau uku, sauran kuma sai abin da ya samu. Shi ya sa kowane shago da janareta, masu hali kuma sun koma sola. In kana tunanin sana'ar firiji ko ƙanƙara a nan, ka fara lissafin mai kafin na haya.

Ruwa kam na ɗauka mu ne sarakan wahalarsa, garin da ke zaune kan dutse, sai an jawo daga Gogo da Arunguza da Ganaram. Kano tana da koguna da madatsai, amma unguwanni da yawa famfonsu ado ne, rijiyar burtsatse da ƴan garuwa ke riƙe da su. Da yawa daga masu tura kurar ma mutanenmu ne, in ka gaishe su da “ina kwana” ka ji amsar ka san daga inda suka fito. Ruwan sha na leda fiya wata ne a nan da can, sai dai a nan ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magani, a jiki.

Kabu-kabu a Damagaram babur ne, ka ɗaga hannu ka hau baya. A Najeriya kalmar ta fi tafiya ga motar gida da mai ita ke ɗaukar fasinja a ɓoye don ya samu na cefane. Babur ɗin haya acaɓa ne a Kano, okada a kudu, daga sunan wani tsohon kamfanin jirgin sama, saboda sauri. Amma kada ka tsaya neman acaɓa a cikin birni, an hana shi tun Janairun 2013 zamanin Gwamna Kwankwaso, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Abin hawa shi ne a-daidaita-sahu, wanda mu ma muka ara da sunansa. Sunan ba na mashin ba ne tun farko, na shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo masu ƙafa ukun don ɗaukar mata, sai sunan shirin ya manne musu. Wasu jihohin Keke Napep suke cewa, daga shirin yaƙi da talauci na zamanin Obasanjo, a Legas Keke Marwa, daga sunan gwamnan soja Buba Marwa. Mashin ɗaya daga Indiya, kowane mai mulki ya bar sunansa a jiki.

Irin kalmomin nan masu ninki ka kula da su, don sun yi kama amma ba darajarsu ɗaya ba. Buga-buga neman halali ne ta kowace ƙaramar hanya, ba abin kunya. Cuku-cuku shi ne bin takarda ko aiki ta hannun wanda ya san wani. Cuwa-cuwa ta fi kusa da haram, sayar da abin da bai kamata ya fito ta wannan ƙofar ba. In aka ce maka wane ɗan buga-buga ne, kana iya ba shi ajiya. In aka ce ɗan cuwa-cuwa ne, ka riƙe kayanka.

Tafiya mai nisa kuwa mun fi su tsari. Kar ɗin Rimbo ko STM kana da tikiti, kana da kujera, kana da lokacin tashi, kayanka da lamba. A tashoshin nan yawanci sai mota ta cika, kuma ƴan kamasho ne ke da iko da kai da jakarka. Kuma in ka ce kana neman kar, za a tsaya ana jiran ka ƙarasa magana, kar me? Bas ake cewa.

Mai ya juya. Shekara da shekaru esansin Najeriya mai tallafi ne ke cika kwalaben ƴan ruwa-ruwa a bakin titunanmu, har bayan da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A gida kuma gwamnati ta sauke litir daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024. Ribar fasa-ƙwauri ta mutu, kowa ya koma gidan mai, matata ɗaya ta kasa ɗauka, ka ga layin da kuka sha a Maris na 2025. Takwarorin ƴan ruwa-ruwa a nan ƴan bumburutu ne, fetur suke cewa, kuma da galan suke awo, galan ɗinsu lita 4. Sai kalmar gas. A gida gaz na girki ne, na manyan motoci gazuwal. A nan duka biyun gas ne, man gas na injin, gas na tukunya. Na girkin a gida musanya tukunya kake yi a farashin da gwamnati ta yanka, a nan kilo-kilo ake ɗura maka daidai kuɗinka. Talaka ya fi jin daɗin na nan, mai iyali da yawa ya fi jin daɗin na gida.

A gida in muka ce za mu likita, wurin muke nufi. A nan likita mutum ne, wurin asibiti. Ka ce an kwantar da yaro a likita, za a gane, amma za a san daga ina kake. Manyan asibitoci da ƙwararru Kano ta fi mu nesa ba kusa ba, shi ya sa marasa lafiyarmu ke tahowa. Magani kuma kemis ne a kowane lungu, ba a tambayarka takardar likita, ka faɗi ciwonka a haɗa maka ƙwayoyi a leda. Sauƙi ne, kuma ta nan jabu ke shiga. Farmasinmu mai neman ordonas, mai masu gadin dare bi da bi, ya fi tsada amma na fi amincewa da shi. Kuma kada a raina kyautar maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da ta tiyatar haihuwa da aka sa a Nijar tun 2006, ko da yake kowa ya san wani lokaci sai ka sayo abin da babu.

Sauran na dariya ne, amma su ma suna iya ba da kunya. Biro a gida ofis ne. A nan abin rubutu ne, wanda muke ce wa bik. Biron rubutu da bik duka sunayen mutane ne: Biro ɗan ƙasar Hungari ne da ya ƙirƙiro alƙalamin, Bich Bafaranshe ne da ya cika duniya da shi daga 1950. Ka ce ka wuni a cikin biro, ka ga yadda za a dube ka. Ka ce ka sayi kare a bayan gari za ka gina, sai a tambaye ka ko mai haushi ne, su fuloti ko fili suka sani. Mafi muni shi ne mushe. Mu tun muna lakwal haka muke kiran malaminmu cikin ladabi, daga yadda Bafaranshe ke girmama namiji. A Kano mushe ɗaya ne tak, dabbar da ta mutu ba yanka. In ka kai yaro makaranta a nan, malam za ka ce, ka tsaya a nan. Fada ma haka. In na ce ina kewar fadarmu sai a zaci ni bafade ne a gidan Sarkin Damagaram, in na yi saurin magana kuma a ji faɗa. Zaman shayin samari majalisa ne a nan. Waɗanda muke ce wa ƴan pale, masu ɗaga ƙarfe a Kara-Kara, takwarorinsu ƴan daba ne, kuma wannan kalma ba a wasa da ita a gaban mutum.

Abinci ba zan daɗe a kai ba. Burodinsu mai laushi ne mai sukari, yana kwana uku bai bushe ba, amma ba ya kama miya kamar dogon namu. Gurasa da ƙuli ta rama musu. Shinkafa da wake da mai da yaji garau-garau suke ce mata, ita ce abincin ɗan kasuwa. In ka ji shinkafa ƴar gwamnati, gogaggiya ake nufi irin ta waje, ƴar Hausa ita ce ta gida, kuma tun rufe iyaka na Agustan 2019 injinan casa suka yawaita a Kano har ta gidan ta gyaru ƙwarai. Nama da kilishi da cuku da albasa kuwa kada ka ɗauko kuɗinka ka zo saye a nan, daga wajenmu da yawansu ke shigowa.

To ga shawarata a kan butikin. Atamfa, shadda, takalma, roba da kayan waya ka saro a nan, amma zuwan farko ka zo da kanka, kada ka yi aike, don ka ga hawa-hawan kayan da idonka ka san wanda mutanen unguwarku za su iya saye. Ka sa kuɗin mota da na duwan a lissafi tun daga gida, su kwastan suke cewa, kuma ɓangare biyu ne za ka wuce. Ka canza sefa kaɗan-kaɗan daidai sayayyar ranar. In za ka turo mini saƙon abin da kake so kafin ka iso, ka rubuta adadin da lamba, ka sa sefa ko naira a gabansa, tsawon kuma ka ce metir ne ko yadi. Ka taho da ma'aunin telanka a aljihu, kuma Inna ta ce za ta ba ka kilishi da yajin da na roƙa, kada ka baro su.